Muhimman Kalmomin Rubutun Bayani a Darasin Turanci

Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin jarrabawar kammala sakandare ya kewayo, ɗaliban makarantun Boɗinga da Sifawa da Shagari da Kajiji da Dandin Mahe kan zauna tare da takwarorinsu na sauran sassan Nijeriya domin amsa takardar Turanci, ko dai ta hukumar WAEC wadda aka kafa a shekarar 1952, ko kuma ta hukumar NECO wadda aka kafa a 1999. A kashin insha'i na takardar WAEC akan ba da tambayoyi 5, ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kimanin kalmomi 450 a kanta cikin minti 50 ko makamancin haka. Wannan kashi kaɗai yana ɗauke da maki 50. Tun da yake jami'o'i ba su ɗaukar wanda bai sami kiredit a Turanci ba, yarinyar da ta yi fice a ilmin halittu, take kuma da burin karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tana iya rasa gurbi saboda shafi biyu na rubutu.

Sau da yawa ɗalibi ya san abin da ake tambayarsa sarai, domin an haife shi a cikinsa, amma sai ya kasa gane irin rubutun da ake nema daga gare shi. Dalili kuwa shi ne akwai wasu kalmomi da malaman Turanci da masu tsara tambayoyi ke amfani da su, waɗanda kowace daga cikinsu umarni ce ta musamman. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan kalmomi, da aikin da kowace take yi, tare da misalai daga rayuwar mutanen wannan yanki.

Mene ne Rubutun Bayani?

A darasin Hausa ɗalibai sun saba da rabe-raben insha'i, wato na labari da na siffantawa da na muhawara da na bayani. Haka abin yake a darasin Turanci. Wani malami ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Bain yana cikin waɗanda suka daidaita wannan rabe-rabe, a wani littafin koyar da insha'i da ya wallafa a shekarar 1866, daga nan kuma tsarin ya bazu a makarantun da ake koyarwa da Turanci.

Insha'in labari yana faɗin abin da ya faru ne bi da bi. Na siffantawa yana zana kamannin abu har mai karatu ya ji kamar yana ganinsa. Na muhawara yana ƙoƙarin jawo mai karatu zuwa ga wani ra'ayi. Shi kuwa rubutun bayani, wanda littattafan Turanci ke kira “expository writing”, aikinsa shi ne ya fahimtar da mai karatu yadda abu yake, ko yadda yake aiki, ko dalilin da ya sa yake faruwa. Asalin kalmar daga harshen Latin take, inda take nufin fito da abu a shimfiɗa shi a fili, kamar yadda ɗan koli ke baje kayansa ranar kasuwa. Akwai kuma ɗan'uwansa da ake kira “informative writing”, wato rubutun sanarwa, wanda ya fi mayar da hankali ga isar da tabbatattun bayanai. Sanarwa takan ce rijiyar unguwa ta ƙafe a watan Afrilu, bayani kuwa yakan ƙara da nuna abin da ya ƙafar da ita. A aji akan haɗa su biyun wuri guda, domin dukkansu ba su yarda marubuci ya cusa son ransa ba.

Wannan nau'i shi ne rubutun kimiyya. Da shi ake rubuta rahoton gwaji a ɗakin bincike, da takardar da ke cikin kwalin magani, da umarnin malamin gona game da yawan takin da za a zuba.

Gadon da ke Ƙofar Gida

Ɗalibin Boɗinga ba baƙo ba ne ga wannan fanni, ko da bai taɓa jin sunansa da Turanci ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Duk wanda ya duba littattafansu na zube zai ga tsari bayyananne. Mawallafi kan fara da ambaton sunan littafin da abin da ya ƙunsa, sau da yawa har da adadin babobinsa, sa'an nan ya ɗauki mas'aloli ɗaya bayan ɗaya yana kawo hujja tare da sunan littafin da ya ciro ta. Littafin Shehu mai suna Ihya'us Sunna yana da babi 33, kuma a yawancinsu yakan bayyana abin da yake sunna game da wani al'amari, sa'an nan ya bayyana abin da mutane suka ƙaga a cikinsa. Wannan shi ne tsarin bambantawa da za a yi magana a kansa nan gaba. Haka nan Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a 1812, ya fara ne da bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu kafin ya shiga tarihin jihadi.

A ɓangaren boko kuma, Alhaji Shehu Shagari, tun kafin ya shiga siyasa, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, kuma a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya domin koya wa jama'a labarin ƙasa da tarihi da harshen da suke ji. Saboda haka abin da darasin Turanci ya kawo shi ne sababbin sunaye da wasu ƙa'idoji, amma aikin kansa daɗaɗɗe ne a wannan ƙasa.

Sassan Insha'i da Sunayensu

Kafin a ɗora alƙalami a takarda akwai abubuwa uku da ake tantancewa. Na farko shi ne kan magana, wato “topic”. Na biyu shi ne manufa, wato “purpose”, abin da ake so mai karatu ya sani bayan ya gama. Na uku shi ne masu karatu, wato “audience”. Bayanin cutar kwalara da za a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ya sha bamban da wanda za a rubuta wa 'yan aji ɗaya, ko da kuwa gaskiyar da ke ciki ɗaya ce.

Shi kansa insha'in yana da gabatarwa da gundari da kammalawa. A cikin gabatarwa ake sa jimlar jigo, wadda ake kira “thesis statement”, wato jimla guda da ta tattara abin da insha'in gaba ɗaya zai nuna. Kan magana yana iya zama “ƙarancin ruwa a ƙauyuka”, amma wannan bai zama jigo ba sai an ce wani abu game da shi, misali a ce ƙarancin ruwa a ƙauyuka yana tasowa ne daga gajartar damina da ƙaruwar jama'a da lalacewar famfunan burtsatse. Da zarar an rubuta wannan jimla, an riga an san cewa gundarin zai ƙunshi sakin layi uku, an kuma san abin da kowane zai ɗauka.

Sakin layi, wato “paragraph”, rukunin jimloli ne da suka taru a kan batu guda. Yakan fara da jimlar jagora, wato “topic sentence”, wadda ke sanar da batun. Sauran jimlolin masu tallafi ne, “supporting details”, kuma su ne ke kawo dalili da misali da alƙaluma. Idan wata jimla ta shigo wadda ba ta da alaƙa da jagorar, to, an karya ƙa'idar haɗin kai, “unity”. Idan kuma jimlolin duk suna kan batu amma ba su bi juna daki-daki ba, an rasa abin da ake kira “coherence”, wato jituwa. Abin da ke kawo jituwa shi ne kalmomin sadarwa, “transitions”, irin su “because” mai nuna dalili, da “therefore” mai nuna sakamako, da “however” mai nuna saɓani, da “for example” mai gabatar da misali. Aikinsu ɗaya ne da na “saboda” da “don haka” da “amma” da “alal misali” a Hausa. Kammalawa kuwa takan tattara abin da aka nuna a taƙaice, ba a kuma shigo da sabon batu a cikinta.

Misali Daga Randar Ruwa

Ga sakin layi guda da aka gina bisa waɗannan ƙa'idoji, an rubuta shi da Hausa domin tsarinsa ya fito fili:

Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne ta hanyar barin kaɗan daga cikinsa ya zama tururi. Jikin randa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke tsattsafowa ya jiƙa bayanta. Idan iska ta buga, sai wannan danshi ya zama tururi ya tashi. Amma ruwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi, kuma kowane giram ɗaya yana bukatar fiye da kalori 500. Tun da yake daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibar yawancin wannan zafi, sai ruwan da ya rage ya yi sanyi. Saboda haka ne randa ta fi sanyaya ruwa lokacin da iska take a bushe, kamar a watannin hunturu da farkon bazara, fiye da tsakiyar damina lokacin da iska take cike da laima.

Jimla ta farko ita ce jagora. Ta biyu zuwa ta biyar masu tallafi ne, kowace tana ɗora dutse a kan wadda ta gabace ta, har da alƙalami guda da za a iya bincikawa a littafin kimiyya. Ta ƙarshe ta fitar da sakamako wanda kowa zai iya gwadawa a gida. Kalmomin “idan” da “amma” da “tun da yake” da “saboda haka” su ne suka ɗaure jimlolin. Da marubucin ya tsaya a tsakiya ya ce ruwan randa ya fi na firji daɗi, da ya fita daga bayani ya shiga ra'ayi.

Hanyoyin Tsara Bayani

Akwai hanyoyi sanannu da ake bi wajen shimfiɗa gundarin insha'i, kuma tambayar da aka yi ita ke nuna wadda ta dace.

Hanya ta farko ita ce ba da ma'ana, “definition”. Ingantacciyar ma'ana tana da ƙafa biyu, kamar yadda masana mantiƙi suka nuna tun zamanin Girkawa: a faɗi jinsin da abu yake ciki, sa'an nan a faɗi abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. Fadama ƙasa ce mai kwari, wannan shi ne jinsinta, wadda ke riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwan sama, wannan kuma shi ne abin da ya raba ta da sauran.

Ta biyu ita ce rarrabewa, “classification”, kamar a kasa amfanin gona zuwa hatsi irin su gero da dawa, da masu kwanso irin su wake da gyaɗa, da kayan lambu irin su albasa da tumatir. Sharaɗinta shi ne a riƙe ma'auni guda tun daga farko har ƙarshe.

Ta uku ita ce bin matakai, “process” ko “sequence”, inda tsari ke da matuƙar muhimmanci. Mai bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti ga yaro mai gudawa dole ne ya ce a wanke hannu, a auna lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a juye fakitin gaba ɗaya, a motsa, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan, a kuma zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Idan ya manta da ambaton lita ɗaya, uwa tana iya haɗawa a ƙaramin kofi, gishirin ya yi yawa ya cutar da yaron.

Ta huɗu ita ce kwatantawa da bambantawa, “comparison and contrast”. Noman damina da noman rani da ake yi a kewayen madatsar ruwa ta Shagari sun yi tarayya wajen bukatar iri da taki da ƙwadago, sun kuma bambanta wajen tushen ruwa da irin amfanin da ake shukawa da kuɗin da ake kashewa. Akan kwatanta su ne a kan ma'auni iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyar ita ce sanadi da sakamako, “cause and effect”, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Zuwan abu bayan wani bai nuna cewa na farkon ne ya haifar da shi ba. Zazzaɓi, ko masassara kamar yadda Sakkwatawa ke cewa, yakan yawaita a daidai lokacin da sabuwar masara ke nuna, har wani ya zaci cin masarar ne ya kawo shi. Alhali kuwa damina ce ta nunar da masarar, ita ce kuma ta tara kududdufan da sauro ke hayayyafa a ciki. A shekarar 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin jikin sauro a ƙasar Indiya.

Ta shida ita ce matsala da mafita, “problem and solution”, kamar a bayyana yadda iska ke kwashe ƙasar gona idan an sare itatuwa, sa'an nan a nuna yadda layukan dogonyaro ke rage mata ƙarfi.

Tabbataccen Zance da Ra'ayi

Kalmomi biyu da ya wajaba ɗalibi ya rarrabe su ne “fact” da “opinion”. Ta farko tana nufin zancen da za a iya bincikawa a tabbatar. An haifi Alhaji Shehu Shagari a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, ya rasu a Disamba 2018. Kowa na iya duba waɗannan a littattafan tarihi. Amma idan aka ce garin Shagari ya fi kowane gari daɗin zama, wannan ra'ayi ne, domin mutumin Yabo yana da nasa. Rubutun da ya tsaya a kan tabbataccen zance shi ake kira “objective”, wanda kuwa ya karkata ga son ran marubuci an ce yana da “bias”.

Abin da ake kafa zance da shi shi ne hujja, “evidence”, inda aka samo ta kuma shi ne madogara, “source”. Idan an ɗauko maganar wani kalma da kalma, sai a sa ta cikin alamar zancen wani a kuma ambaci mai ita. Idan an sake faɗinta da kalmomin kai, an yi “paraphrase”, idan kuma an taƙaita ta an yi “summary”, amma duk da haka ambaton mai ita bai faɗi ba. Kwafe aikin wani a ce na kai ne shi ake kira “plagiarism”, wato satar fasaha. Yanzu da wayar hannu da intanet suka sauƙaƙa kwafe, wannan ƙa'ida ta ƙara nauyi, ga shi kuma a zauren jarrabawa ba a shiga da waya.

Kalmomin Umarni a Cikin Tambaya

Kowace tambaya tana da kalmar aikatau da ke iyakance amsarta, a takardar Turanci da ta ilmin halittu da ta kimiyyar harhaɗa sinadarai baki ɗaya. “State” da “list” suna neman a jero abubuwa a taƙaice. “Define” tana neman ma'ana mai ƙafa biyun nan. “Describe” tana neman kamanni ko yadda abu ke gudana. “Explain” tana neman dalili, don haka amsar da babu “because” ko makamanciyarta a ciki da wuya ta cika. “Compare” tana neman kamanci da bambanci, “contrast” kuwa bambanci kawai. “Discuss” tana neman a duba al'amari ta fuskoki daban-daban. Ɗalibin da aka ce ya yi “explain” game da zaizayar ƙasa, ya kuma jero wuraren da ta auku, ya yi aiki amma ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Haka nan tambaya takan faɗi siffar rubutun. Maƙalar da za a buga a jarida ko mujallar makaranta tana bukatar take da sunan marubuci. Wasiƙar hukuma tana bukatar adireshi biyu da kwanan wata da gaisuwa da take da sa hannu da cikakken suna.

Yadda Ake Rabon Maki

A tsarin WAEC maki 50 na insha'i sun kasu gida huɗu. Ƙunshiya, “content”, tana da 10, kuma tana duba ko an amsa tambayar da isassun batutuwa. Tsari, “organisation”, yana da 10, yana duba gabatarwa da sakin layi da jituwa. Sarrafa harshe, “expression”, yana da 20, yana duba zaɓen kalmomi da ginin jimla. Kiyaye ƙa'idojin rubutu, “mechanical accuracy”, yana da 10, kuma akan cire rabin maki a kan kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alamar rubutu, wato kuskure 20 sun isa su cinye wannan kaso ƙurmus. Mai jin Hausa yana da wuraren da ya kamata ya sa wa ido. Hausa ba ta bambanta sautin “p” da “f”, shi ya sa akan musanya su a rubutu. Haka kuma kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, don haka akan kira mota “she” a inda Turanci ke son “it”.

Kammalawa

Sanin waɗannan kalmomi ba ya samuwa ta hadda kaɗai, domin amfanin ilmi aiki da shi. Malamin Turanci yana iya sa ɗalibai su fara bayyana abu da baki cikin Hausa, kamar yadda ake daka fura ko yadda ake haƙa rijiya, su gano jagora da masu tallafi a cikin maganarsu, sa'an nan su rubuta da Turanci. Idan ya haɗa kai da malamin kimiyya, rahoton gwajin mako yana iya zama aikin insha'i. Ɗalibi kuma ya saba wa kansa da ja wa kalmar umarni layi kafin ya fara amsa, ya ware minti 5 na tsara batutuwa da wasu 5 na bitar kurakurai, ya kuma riƙa rubuta sakin layi guda a kullum a kan wani abu da ya gani da idonsa, ya ba abokinsa ya nuna masa jimlar jagora. Idan abokin ya kasa gano ta, sai a sake rubutawa. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, kuma wanda ya fara wannan tun daga ajin farko na babbar sakandare zai shiga zauren jarrabawa da ɗaruruwan sakin layi a bayansa.